A shimfiɗa wa yara taswirar Kano, a bar su su tsare ganuwa

A watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta shelanta cewa darasin tarihi ya zama tilas daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Ba yau aka fara irin wannan shela ba. A 2022 ma an yi biki a Abuja, aka ce an ware malamai 3,700 da za a horar, duk don farfaɗo da darasin da aka cire da hannu tun zangon karatu na 2009/2010. Abin da yake ba ni haushi shi ne yadda zancen yake ƙarewa kullum a kan littafi: wa zai rubuta, wa zai buga, wa zai raba. Yadda za a koyar kuwa kowa ya san shi, shi ya sa ba a tambaya. Malam zai juya baya ya cika allo, yara su kwafa, su haddace sarakuna daga Bagauda zuwa Rumfa zuwa Dabo, su juye a takardar jarrabawa, kafin hutu ya ƙare sun manta.

Ni shawarata a shigo da wasan yaƙi na kan tebur cikin aji. Na san yadda fuskoki suke canjawa idan aka faɗi haka a Kano. Wasa a makaranta? Yaƙi kuma? Masu wannan yatsina sun ɗauka lido ake nufi, ko karta ta bakin tasha.

To ga asalin abin. A 1824 wani matashin hafsan soja na masarautar Furushiya ta Jamus, Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasa da ya gyara daga na mahaifinsa. Taswira ce ta gaske, da 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a madadin runduna. Ɓangarorin biyu ba sa ganin juna. Kowa zai rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙalin wasa, shi kuma ya motsa rundunonin gwargwadon tafiyar da ƙafa ko doki zai iya yi, sannan ya gaya wa kowane ɓangare abin da idon sojansa zai iya hangowa kawai. Shugaban hafsoshi, Janar Müffling, da ya gani ya ce ai wannan horon yaƙi ne, aka baza shi cikin rundunar. Bayan Furushiya ta lallasa Faransa a 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka ruga kwaikwayo. Daga barikin soja ne ya gangaro gidajen mutane: marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokin wasa da 'yan sojojin dalma a 1913, a Amurka kuma kamfanin Avalon Hill ya mayar da shi sana'a tun wajen 1958. Yau akwai wanda ake bugawa da kati, kowane kati yana ɗauke da wani abu da ya faru da gaske, kamar Twilight Struggle na 2005 a kan yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet.

Duk wannan labarin wasu ne. A kawo shi gida. A ɗauki farkon shekarar 1903, a raba aji gida uku. Kashi na farko su ne Sarkin Kano Alu, wanda ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawakinsa bayan naɗin sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Kashi na biyu su ne Sarkin Shanu da bayin sarki da aka bar wa gari. Na uku Kanar Morland na sojan Turawan Ingila, da ya taso wa Kano daga Zariya a ƙarshen Janairu da soja sama da 700, igwa 4 da bindigar Maxim mai ruwan harsashi guda 4. Malam ya zama alƙali. Nan take tambayoyin da hadda ba ta taɓa haifarwa za su fara fitowa daga bakin yaran da kansu. A tare su a Bebeji ne, ko a janye kowa a shigo birni? Ganuwa mai tsawo haka da ƙofofi fiye da goma, mutum nawa za a ajiye a kowace? Manzo zai yi kwana nawa kafin ya isar da labari Sakkwato, kuma in ya isar, doki zai iya dawowa kafin a fasa ƙofa? Me zai hana a bar sojan a auka wa 'yan dakon da suke ɗauke da harsashi da abinci? Yaron da ya tara mutanensa a Ƙofar Dukawuya, ya ga igwa ta kasa ganuwa ya fara murna, sai alƙali ya gaya masa an zagaya an ɓalle Kabuga, wannan yaron ba zai sake manta ranar 3 ga Fabrairu ba. Zai kuma tambayi su wane ne sojan 700 ɗin, a gaya masa Turawan cikinsu 'yan ƙalilan ne, sauran baƙaƙe ne, da yawansu da Hausa suke magana. Wannan amsa kaɗai ta fi babi guda na littafi nauyi.

Sannan a kai su Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi ta kai sukuwa kan 'yan sojan da suka ja daga kusurwa huɗu har ya yi shahada. A bar yaro ya gwada sukuwar a kan tebur, ya sake gwadawa, ya ga yadda dawakinsa suke zubewa kafin mashi ya kai. A nan zai gane cewa kakanninsa ba ragwaye ba ne, kuma jarumta ita kaɗai ba ta ture bindiga. Zai kuma tsaya a mararrabar da manyan Kano suka tsaya: Waziri ya zaɓi faɗa, Alu ya rabu da runduna har aka kama shi aka kai shi Yola sannan Lokoja inda ya rasu a 1926, Wambai Abbas ya komo da jama'a gida ya zama sarki. Littafin makaranta zai gaya maka wanda ya yi me. Tebur ne zai sa ka ji nauyin zaɓin, domin kai ma sai ka zaɓa, kuma abokanka suna kallo.

Masu cewa wannan zai koya wa yara son zubar da jini su leƙa wayar 'ya'yansu tukuna, su ga awa nawa ake kashewa ana harbe-harbe a Free Fire da PUBG ba tare da an koyi sunan gari ɗaya ba.

Ƙorafin da ya cancanci amsa shi ne na addini, kuma ba na raina shi. Hadisin da ya yi hani ga wasan nardu yana cikin Sahihu Muslim, malamanmu kuma suna kallon duk abin da ake jefa ƙwayar lido a cikinsa da wannan ido. Wasu za su ƙara da batun mutum-mutumi. Amma dukansu biyu ba ginshiƙin wasan ba ne. Tun 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya fitar da salon da ya ajiye ƙwayar gefe, alƙali mai ilimi ne yake yanke abin da ya faru bisa hujja. Wasan Diplomacy na 1959 babu ƙwaya a cikinsa ko ɗaya, shawara ce da ƙulla ƙawance da warware shi. Sojan Reisswitz kuma guntayen ƙarfe ne marasa fuska. Marfin kwalba ma ya isa, ko tsakuwa da kara irin na 'yan dara. Babu kuɗi a tsakani, babu sa'a, babu siffa. Saura me? Wanda ya ci gaba da kiran wannan caca bayan an yi masa bayani, ba fatawa yake nema ba, hutu yake nema.

Akwai kuma masu tsoron tono. Su ne za su ce kada a taɓa Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, lokacin da Yusufawa suka fice zuwa Takai suna ƙin naɗin Tukur, Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi tuta ya ci birni. Wai jikokin ɓangarorin suna raye, garin kuma bai gama farfaɗowa daga rikicin masarauta da ya taso tun 2019 ba. Ni a ganina wannan ne ma dalilin koyar da shi. Garin da ya taɓa ganin abin da gardamar gadon sarauta take jawowa bai kamata ya ɓoye wa 'ya'yansa lissafin ba. In an ga ya yi zafi, a fara da na nesa: harin Kwararrafa, yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, zamanin Kanajeji da tarihin Kano ya ce shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, ko hare-haren Ningi da ribaɗin da aka kakkafa don tare su. Kaya ne jibge, ba mai taɓawa.

Kuma in mun ƙi zanawa, wani zai zana mana, daga bayan bindigar Maxim yake hangenmu. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sun daɗe suna buga yaƙin Zulu na 1879 da na Omdurman na 1898 a kan teburansu, galibi baƙar fata tarin jama'a ne da ake ƙirga gawarsu. A 2019 sai da kamfanin GMT mai buga irin waɗannan wasanni ya janye wani wasa da ya shirya fitarwa a kan rabon Afirka, bayan an yi masa ca cewa ya mayar da mutanen nahiyar tamkar ciyawar fili. A Abuja kuwa kamfanin NIBCARD yana ƙera wasannin tebur na gida, har ya ci lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake bai wa gwanayen harkar wasanni, a 2021. Ashe ba sai an haye teku ba.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin buga littafi ɗaya ba. Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero yana da masana, Gidan Makama yana da sulke da hotuna, Gidan Ɗan Hausa yana da takardu, masu buga kalanda da katin biki kuma sun cika gari. A haɗa malamin tarihi ɗaya, mai zane ɗaya da malamin addini ɗaya, su fitar da taswirar birni da ƙofofinsa, kati 50 da dokoki shafi 2 da Hausa. A gwada a makarantu kaɗan na cikin Dala da Gwale zango guda, a yi wa yaran jarrabawa tare da waɗanda suka yi hadda, a buga sakamakon kowa ya gani.