Kun bar jaki kuna dukan taiki

Wannan bidiyon na matar kasuwar Gadarif a Sudan da kuke ta turo min tun jiya, don girman Allah ku daina. Na kalla, kuma ban ga ɓarauniya ba. Na ga mace da goyo, ƙarti sun kewaye ta, ɗaya ya kafa mata waya a fuska yana ta jero mata tambayoyi, saboda ledar gyaɗar tamowa guda uku da ta kawo sayarwa. Har mai ɗaukar yana cewa a gan ta, Bahaushiya ce. Bai ishe shi ya ci mutuncinta ita kaɗai ba, sai da ya haɗa da mu gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai kuma, namu ne suka fi kowa zaginta.

Kada wani ya zo yana koya min abin da ke cikin ledar nan. Gyaɗa ce niƙaƙƙiya da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, giram 92 kowace leda, ƙarfin kalori 500. Magani ce, ba kayan kwaɗayi ba. Ana bayar da ita ga yaron da aka ɗaura wa tef ɗin awo a damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron da zawo ɗaya ko zazzaɓi ɗaya ke iya tafiya da shi. Duk ledar da ta fita daga hannun uwa ta rage wa yaron nan ƙarfi. Wannan gaskiya ce, kuma ita matar ta fi ku saninta, don ita ke kwana da shi.

To amma ku bi ta gida mana. An auna yaro ɗaya ya faɗa ja, an ba shi rabonsa na mako. Yayyensa uku ba su kai ja ba tukuna, saboda haka ba su da komai. Ita kanta tana shayarwa, tun safe ruwan shayi ne a cikinta. Mijin ko ya ɓace a hanyar garin Sinja saboda yaƙi, ko yana can yana neman ƙwadago. Sai ta zauna tana matsa wa ɗaya leda a baki, ukun suna tsaye suna kallonta. Wace uwa ce za ta iya wannan har makonni shida ko takwas? Ta sayar da uku, ta auno dawa, ta tuƙa asida, wato tuwo, kowa ya sa wani abu a cikinsa. Ba a warkar da yaro ɗaya a gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. Ma'aikatan lafiya sun san haka, shi ya sa tun asali tsarin yake da rabon mai ciki da mai shayarwa. In kuɗi ya yi ƙasa, irin wannan rabon na rigakafi ake fara zaftarewa, a jira sai yaro ya kai bakin kabari sannan a miƙo leda.

Kuna neman waɗanda suka raba yara da abincinsu? A watan Mayun 2023 masana'antar Khartoum da ke sarrafa wannan gyaɗar ta ƙone ƙurmus a yaƙin Sudan, a lokacin ita ce ke samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da UNICEF ke jinyar yaran Sudan da shi, katan 14,500 suka tafi a wutar. A watan Disamban shekarar, da birnin Madani ya faɗi, Hukumar Abinci ta Duniya ta ce dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, sun fasa rumbun hukumar sun kwashe sama da tan 2,500, abincin da zai riƙe mutum kusan miliyan ɗaya da rabi wata guda, har da na musamman da aka tanada don yara da masu ciki da masu shayarwa. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam kusa da Fashir a Darfur. Farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta, ɗaruruwan takiyyoyi, wato wuraren da matasan unguwanni ke dafa abinci kyauta, suka sauke tukwane. Duk wannan ya wuce a gaban idonmu. Wa kuka kafa wa waya a fuska? Sai mai leda uku.

Wani ya rubuto min wai in aka ƙyale ta kowa zai sayar. Malam, je ka shagunan da ake jibge wannan kaya katan-katan ka tambaya ko uwaye ne suka kawo. Uwa ba ta taɓa riƙe katan ba, ƙirga mata ake yi a tafin hannu. Kuma wa ke saye? Ba jarirai ke zuwa kasuwa da kuɗi ba, manya ne masu gemu ke shafa ta a burodi. Wani kuma wai su rage haihuwa. Yaran an riga an haife su, suna nan suna numfashi, yunwarsu ta yau ce. Masu cewa wasu matan lalle da turare suke saye da kuɗin, ban da lokacinku. Ku dubi wuyan matar nan da ƙasusuwan kafaɗarta a bidiyon da kuke yaɗawa, sannan ku maimaita maganar in kuna iyawa.

Wallahi abin yana sa ni hawaye, don mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna Maiwurno da Damazin da Kassala sun zo da shi a kansu. Mace ta haihu, kwana arba'in ana dama mata kunun kanwa, ana dafa mata ƙauri da yaji, ba wanda ke tambayar me ta yi da ya cancanta. Sun san nono daga cikin uwa yake fitowa. Likitoci yau suna cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, su ne ke gina jiki da ƙwaƙwalwar yaro, kuma wata shida na farko nono zalla. Nono zalla daga jikin da bai ci ba? A ciyar da uwa. A ranar da aka ba yaro ledarsa, a katin rabon nan guda, a ba uwar mudun dawa da wake da mai, ko kuɗinsu. Masu takiyya kuma, Allah ya saka muku, ku ware layi da tukunya don masu ciki da masu goyo, su daina cunkuso da ƙarti. 'Yan'uwa na Jidda da Makka da ke turo taimako ta manhajar banki ta Bankak, ku riƙa tambaya ko ana yin hakan.

Tunda ma Gadarif ake magana, ina da tambaya ga manyan manomanmu. Dawa da riɗin da kuke nomawa ruwan sama ne ke shayar da su, hukuncinsu ushiri ne, buhu ɗaya cikin goma. Matan da ke yanke muku riɗi a rana da goyo a baya suna cikin waɗanda aka ambata a ayar zakka. Bana kafin manyan motoci su ɗauki kaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan, buhu nawa zai sauka a unguwarsu?