Faifan jaz ba a sauraronsa rabi-rabi

Jiya ƙanina ya shigo ɗakina ya tarar ina sauraron Kind of Blue, faifan jaz na Miles Davis, mai busa ƙaho. Ya tsaya kamar minti ɗaya, sai ya ce, "Yaya, wannan ba shi ne kiɗan da ake sakawa a otal lokacin cin abinci ba?" Ban ji haushinsa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta.

Yawancinmu mun yanke wa jaz hukunci ne daga ɗan gutsuren da muka ji a fim ko a talla. Su kuwa masu kiɗan faifai suke yi cikakke, mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma a haka ya kamata a ji shi.

Ɗauki Kind of Blue ɗin nan. Sau biyu kacal Miles Davis ya shiga situdiyo da mutanensa a New York, a watan Maris da Afrilun 1959, kuma bai miƙa musu kiɗa a rubuce tsaf ba, ɗan tsari kawai ya ba su, kowa ya gina nasa a kai nan take. A waƙar farko, So What, Paul Chambers ne ke jefa tambaya da bes, ƙaton abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti, sauran su amsa da sauti biyu, tamkar 'yan amshi. Sai Miles ya shigo da ƙahonsa a natse, yana busa kaɗan yana barin fili. Yana gamawa John Coltrane ya kwararo da saksofon kamar an ɓalle madatsar ruwa. Wanda ya kashe a minti na farko ina zai san da wannan?

A shekarar nan ta 1959 dai Dave Brubeck ya fitar da Time Out, Charles Mingus ya fitar da Mingus Ah Um, Ornette Coleman kuma ya zo da The Shape of Jazz to Come, wanda ko fiyano babu a cikinsa. Babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Shi ya sa idan mutum ya ce mini ba ya son jaz, tambayata ita ce, wanne daga ciki?

Wanda ya fi kama ni shi ne A Love Supreme. Daren da na fara jinsa daga farko har ƙarshe an ɗauke wuta, ina kwance kan tabarma a tsakar gida saboda zafi, abin ji a kunne. Coltrane ya ɗauke shi a zama ɗaya, ranar 9 ga Disamban 1964, shi da McCoy Tyner da Jimmy Garrison da Elvin Jones. Coltrane mutum ne da ya sha fama da ƙwaya, ya rabu da ita a 1957, kuma faifan godiyarsa ce ga Ubangiji. Sauti huɗu ne jigon kashi na farko. Bes ya fara su, Coltrane ya ɗauka yana ta juya su sama da ƙasa, daga baya ya sauke saksofon ya maimaita su da bakinsa. A kashi na huɗu kuwa, addu'ar da ya rubuta a jikin faifan yake bi da busa, layi bayan layi. Minti talatin da uku ne duka, wallahi ban motsa ba.

Ba kowanne ne ya shige ni ba. Bitches Brew na 1970, inda Miles ya rungumi kayan kiɗa na lantarki, har yau kokawa nake yi da shi, na fi sakewa da Head Hunters na Herbie Hancock na 1973. Sai The Köln Concert, wanda Keith Jarrett ya kaɗa shi kaɗai a birnin Kolon na Jamus a Janairun 1975, a kan fiyano mai matsala, yana ƙirƙira yana kaɗawa, fiye da awa guda.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke ganin kiɗan nan bai shafe mu ba. Yusef Lateef, Musulmi kuma ɗaya daga cikin manyan masu busa na Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, har da nazarin sarewar Fulani. Yana nan ƙasar ya yi faifansa In Nigeria. Mutum ya tsallako teku ya zauna shekara huɗu yana sauraron namu da kunnen basira, mu kuwa mun kasa ba nasa minti arba'in.

Da safen nan na tura wa ƙanin nawa Eastern Sounds, faifan da Lateef ya ɗauka a 1961, wanda ya buɗe da busar wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin. Na ce masa ya bari sai bayan isha'i, ya kife wayar, kada ya tsallake ko waƙa ɗaya, gobe ya zo mu yi magana.