Jirgin ruwa mai tsada na doguwar tafiya: kuɗin yana biyan kansa kuwa?

Tun ranar da na ɗora hotunan nan na tsakiyar teku mutane ke ta turo min saƙo, tambayar kusan iri ɗaya ce, wai malam wannan jirgin ruwan shaƙatawa mai shegen tsada da ake kwana da kwanaki a ciki, da gaske ya fi na talakawa mai kwana 7 ko dai suna ne kawai ake saya? To bari in amsa a nan gaba ɗaya, domin na shiga duka biyun kuma da kuɗin gumina, ba wanda ya ɗauki nauyina.

Ra'ayina dai shi ne, in tafiyar mako ɗaya ce wlh kar ka ƙara ko sisi, shiga na kowa da kowa. In kuma ta haura mako biyu zuwa wata ko watanni, to tsadar tana da dalili, amma ba dalilin da masu talla suke nuna maka ba.

Na farko da muka shiga ni da uwargida da yara, daga Barcelona ta Sifaniya ne, kwana 7 a Bahar Rum, irin ƙaton jirgin nan mai ɗaukar mutum sama da dubu biyar. Yara sun ji daɗi sosai, wannan ba zan ɓoye ba, ga wurin iyo ga silalo ga askirim a kowane lungu. Kuma kusan kullum da asuba an iso wani gari, Marseille yau, gobe Genoa, jibi tashar Civitavecchia inda sai ka yi tafiyar sama da awa ɗaya a mota kafin ka ga birnin Rum. Kun ga jirgin ya zama kamar masauki ne kawai, ka fita da safe ka dawo da yamma a gajiye ka ci abinci ka kwanta. A irin wannan tafiyar me zai sa ka biya ninki uku saboda faffaɗan ɗaki da kai ko awa takwas ba ka yi a cikinsa ido biyu?

Abin da ya ƙona min rai a wancan shi ne takardar lissafin da aka zuro ta ƙarƙashin ƙofa a daren ƙarshe. Kuɗin tikiti da na gani mai sauƙi ashe ƙofar shiga ce kawai. Tukuicin ma'aikata ana cire shi kullum a kan kowane kai, a manyan jiragen nan yana kaiwa dala 16 zuwa 20 a rana, to lissafa mutum biyu kawai a kan dala 18, kwana 7, dala 252 kenan ba a sa yara ba. Intanet da kuɗinsa, lemon kwalba da kuɗinsa, shayi mai kyau da kuɗinsa, motar da za ta kai ku cikin gari da kuɗinta, hoton da aka ɗauke ku a bakin ƙofa ba ku nema ba shi ma da kuɗinsa. Ga layi, layi wajen abinci, layi wajen lif, layi wajen sauka. Na tuna wata safiya ina riƙe da faranti biyu ina zagaye ɗakin cin abinci kusan minti goma ina neman teburin da za mu zauna, ƙaramar 'yata na riƙe da gefen rigata tana kuka. Kwana 7 za ka jure wannan. Kwana 40 fa?

Nan ne maganar take. Doguwar tafiya daban take saboda ranakun da babu gari, babu gaɓa, ruwa ne kawai gabas da yamma. Na biyun da muka shiga, mu biyu kawai, daga Cape Town ta Afirka ta Kudu zuwa Southampton ta Ingila ne, wani yanki na tafiyar zagaya duniya da jirgin yake yi, mu mun sayi ƙarshen ne kawai. Bayan mun tsaya a Walvis Bay ta Namibiya sai da muka yi kwanaki a jere ba mu ga ƙasa ba har tsibiran Canary. A irin waɗannan ranakun jirgin shi ne gidanka, shi ne unguwarka, shi ne kasuwarka. In ɗakinka ba taga, in duk inda ka juya kiɗa ne da hayaniya da mai tallan agogo, in abincin ranar Litinin shi ne na ranar Alhamis, kafin kwana goma za ka fara jin kamar an tsare ka. Abin da ƙarin kuɗin ya saya mana shi ne sarari da shiru. Kujera a ko da yaushe akwai. Ɗakin karatu na gaske mai littattafai, malamai da ake gayyatowa suna lacca kan tarihi da taurari da garuruwan da za a je, da baranda a ɗaki inda nake zama bayan sallar asuba da kofin shayi ina kallon kifayen nan masu tashi suna fallasa a saman ruwa kamar fara.

Kuma mutane suna sanin ka. Mai kawo mana abinci ɗan Indunusiya ne, musulmi, tun dare na biyu ya gane mu, ya yi mana sallama a hankali. Daga nan kullum da dare sai ya kawo takardar abincin gobe ya sa biro ya nuna wanda aka dafa da giya, wanda akwai naman alade a miyarsa, ya ce wannan kifi ne zalla Alhaji ka ci hankali kwance. Ya lura uwargida ba ta jin daɗin abinci in ba yaji, ya shiga kicin ya samo mata daƙaƙƙen barkono a ɗan kwano, har muka sauka kullum yana kan teburinmu ba tare da mun sake tambaya ba. A wancan ƙaton jirgin ba wai ma'aikatan ba su da kirki ba ne, a'a, bayin Allah aiki ne ya fi ƙarfinsu, mutum ɗaya na hidimar tebura barkatai, ina zai tuna da barkonon wata?

Ku duba lissafin da kanku. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ma'aikatansa kuma wajen 2,350. Jiragen teku na kamfanin Viking da yawansu mutum 930 suke ɗauka, ba gidan caca, ba yaro ƙasa da shekara 18. Girman nan ba maganar cunkoso kaɗai ba ce, har inda jirgi zai iya shiga yana shafa. Tun 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice. A Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, kuwa jirgin da ya haura fasinja 500 ba a barin mutanensa su sauka, sai dai su kalli ƙanƙara daga nesa su ɗau hoto, kuma ko ƙananan ma mutum 100 ne ke taka ƙasa a lokaci guda. To in burinka ka sauka daga jirgin ruwa ka taka wuri irin Antatika, ƙaramin jirgi mai tsada ba almubazzaranci ba ne, shi ne kaɗai hanyar.

Amma fa ga inda na saba da masu cewa a biya kawai tunda wai komai na ciki. Dan Allah 'yan uwa ku tambaya, komai ɗin mene ne? Kamfanoni irin su Regent da Silversea suna haɗa abin sha da tukuici a cikin kuɗin tikiti, kuma babban kaso na wannan abin shan giya ce, mai tsada ma kuwa. Ni da kai da ba ma sha, ba ma caca, mun biya wa maƙwabcin teburinmu kwalbarsa kenan kullum har wata uku. Wannan abin yana damuna ta fuska biyu, ta aljihu da ta zuciya. Bature mai shan kofi huɗu biyar a rana in ya yi lissafi zai ga ya ci riba, kai da ruwa da shayi da lemo suka ishe ka lissafinka daban ne, kar ka ari nasa. Shi ya sa ni na fi karkata ga na tsakiya, jirgi mai natsuwa wanda ba a cusa giya a cikin farashinsa ba, ka ɗauki ɗaki mai baranda, sauran ka biya abin da ka yi amfani da shi. Mai hidima na musamman da zai goge maka takalmi ya jera maka kaya a kabad, gsky ban ga abin da zai ƙara min ba.

Sai a raba kuɗin da yawan darare, shi ne ma'aunin da ba ya ruɗi. Tafiyar nan da ta yi tashe a TikTok, ta jirgin Serenade of the Seas, dare 274, ta tashi daga Miami a Disambar 2023 ta dawo a Satumbar 2024, ɗaki mafi araha ya haura dala 50,000 kowane mutum. Jin adadin kaɗai sai gabanka ya faɗi, amma in ka raba kusan dala 200 ne a dare, da ci da kwana da sufuri. Sai dai mafi arahan nan ɗaki ne marar taga, wata tara. Ni ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Doguwar tafiya ba lallai ta zama mai daraja ba, kuma mai daraja ba lallai ta zama doguwa ba, masu talla ne ke cakuɗa su. Sannan wanda zai tafi shi kaɗai ya sani sau da yawa kuɗin mutum biyu zai biya ko kusa da haka, domin da ɗaki ake lissafi.

Wani abin kuma da kuɗi ba ya saya shi ne tabbas. Da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, jiragen zagaya duniya da yawa sun fasa bi ta mashigin Suez suka zagayo ta ƙasan Afirka, wanda ya biya don ya ga tsohon birnin Petra na Jodan ko gine-ginen dala na fir'aunonin Masar sai ya tsinci kansa a wata hanya daban, mai babban ɗaki da mai ƙarami duk ɗaya. Akwai ma mafi muni, tafiyar shekara uku ta Life at Sea da aka soke a Nuwambar 2023 saboda ba a samu jirgin ba, alhali wasu sun riga sun sayar da gidajensu. Jirgin Villa Vie Odyssey kuma wata huɗu ya yi a maƙale a Belfast ta Ireland ta Arewa ana gyara a 2024, fasinjoji na zaune suna jira. Saboda haka ni dai ba zan zuba kuɗi mai nauyi a hannun sabon kamfani ba komai daɗin bakinsa. Kamfanin Cunard tun 1922 jirginsu Laconia ya zagaya duniya, irin waɗanda suka daɗe a harkar nan su nake nema, kuma da inshora mai ƙarfi a hannu, domin asibitin cikin jirgi kuɗi ne tsababa, in ciwo ya yi tsanani kuma a tashar gaba za a sauke ka.

Mu masu koren fasfo akwai namu ƙarin. Tafiyar da za ta tsaya a ƙasashe 20 ko 30, kowace da dokar bizarta, kuma kamfani ba ruwansa, in takardunka ba su cika ba a bakin jirgi za a mayar da kai kuma kuɗinka ya tafi. Wannan ɗawainiyar da kuɗinta dole su shiga lissafi tun farko. Shi ya sa sayen yanki ɗaya na tafiyar ya fi mana, mako biyu zuwa uku, biza biyu ko uku, ka ɗanɗana rayuwar ka ga ko jikinka da ranka za su ɗauka kafin ka yi maganar wata huɗu. Uwargida kwana biyun farko jiri ya hana ta sakat, sai citta da busasshen biskit, da a ce mun sayi ta kwana 120 ne ban san yadda za mu yi ba.

Sallah ma sai da na koyi sabon abu. Jirgi na tafiya alƙibla na juyawa, a talabijin ɗin ɗaki akwai tashar da ke nuna inda hancin jirgin ya dosa, da ita nake gyara darduma, lokutan sallah kuma kullum suna matsawa muna yin arewa. Ranar da kyaftin ya sanar da tsakar rana cewa mun tsallaka layin da ya raba duniya biyu, na fita baranda na daɗe ina kallon gabas, na san can bayan ruwan nan gida yake ko da ido ba ya kaiwa. Kakana ya sha ba mu labarin yadda suka yi tafiyar Makka ta ƙasa har Sudan, suka hau jirgin ruwa suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda a cunkushe da buhunan guzurinsu, ya ce bai taɓa jin ƙanƙantarsa a gaban Ubangiji ba kamar daren da ya ga ruwa ba iyaka. Sai a ranar na fahimci abin da yake nufi, kuma na tabbata da a ce lasifika na ta kiɗa a kaina ana kiran mutane gasar rawa a bakin wurin iyo, da ban ji komai ba.

Yanzu dai shirina biyu ne in Allah ya ba da iko. Yara na ta naci a koma, su zan kai su gajeriya ce mai sauƙin kuɗi, ina ma duba na Saudiyya, AROYA, da ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024, tunda abincinsa halal ne, sai mu haɗa da Umra. Ni da uwargida kuma muna tari a hankali saboda jirgin Queen Mary 2 na Cunard, daga Southampton zuwa New York, dare 7 ba tsayawa ko'ina, ɗaki mai baranda amma ba na manya ba.