Ƙara wa injin a-kori-kura ƙarfi: da wane mai za a ciyar da shi?

A garejojin Katsina yanzu, bakanike ba ya tsayawa kan fulogi da fistin kaɗai. Akwai matasan da ke jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar mota, wadda ake kira birenbos, su sauya lissafin da kamfani ya zuba mata domin injin ya ƙara jan kaya. Masu Hilux da masu Tacoma ko Tundra da aka shigo da su daga Amurka sun fara sha'awar abin. A ganina, yawancinsu sauke wa motarsu garkuwa suke yi ba tare da sun sani ba.

Abin da mai gyaran yake taɓawa shi ne lokacin da fulogi ke ba da wuta da kuma yawan man da ake fesawa. Idan aka gaggauta wutar, ƙarfi yana ƙaruwa, amma sai in fetur ɗin yana iya jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba, kuma wannan juriya ita ce ake aunawa da lambar oktan. Man da bai kai ba yakan fashe ba bisa tsari ba, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma in abin ya daɗe sai ya cinye kan fistin. Masu dizal su kwantar da hankali, ma'auninsu daban ne.

A Amurka, inda aka rubuta da yawa daga cikin waɗannan manhajoji, direba yana zaɓar 87 ko 89 ko 93 a famfo ɗaya, shi ya sa ake sayar da na'urar da ke sauya lissafi gwargwadon man da aka sha. Ƙidayarsu ma ba irin tamu ba ce: 87 ɗinsu ya yi daidai da kusan 91 a ma'aunin da Najeriya ke bi, 93 kuwa ya kai wajen 98. Mu fetur iri ɗaya gidajen manmu ke sayarwa, kuma wanda mai ya yanke masa tsakanin Mashi da Daura, abin da ɗan bumburutu ya tsiyaya masa daga jarka shi zai karɓa. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da gurɓataccen fetur mai yawan methanol ya shigo ƙasar ya lalata injina.

Masu goyon bayan gyaran suna cewa injin zamani yana da na'urar da ke jin wannan ƙara ta ja wutar baya. Gaskiya ne, sai dai iyakarta ke nan: ta mayar da kai ƙarfin da ka baro, bayan ka biya kuɗi, kuma tana da gejin da ba ta wucewa. Ratar kariya da kamfani ya bari a lissafinsa na asali an bar ta ne domin rana irin ta Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mota ɗauke da buhunan gero za ta kasuwar Mai'aduwa.

Na san tun cire tallafi a Mayun 2023 kowa neman sauƙin shan mai yake yi, kuma gyara mai hankali yana iya daidaita tafiyar giya. Amma duk wanda zai kai motarsa, ya tambayi mai kwamfutar lambar man da aka rubuta lissafin dominsa, ya kuma sa a adana masa na asali kafin a goge.