Labulen Uwargida da Ƙwaƙwalwar Rago

Sallar Nauruz, wato bikin sabuwar shekarar Iran, na gabatowa, gidajen Iraniyawa a birnin Kum sun ɗauki sharar shekara, kowa na sauke labule yana wanke darduma. Uwargida ta leƙa gidan maƙwabciya ta dawo da magana: ita ma sabon labule take so, irin na matar nan.

"Kore ne?" na tambaya.

"Haba Malam, wane irin kore? Shi ba kore shar ba, ba tsanwa ba, wani haske-haske gare shi. Ta ce sunansa magz peste'i."

Da sanyin safiya na nufi kasuwa ina maimaita sunan kamar hadda. Kafin in sauka daga tasi rabin bayan ya gudu. Na tari wani yaro na ce masa magz nake nema. Ya dube ni da girmamawa, ya ja ni lungu har wani shago mai tururi. Ban ankara ba aka dire mini kwanon ƙwaƙwalwar rago cikin romo, da gurasar sangak mai zafi da lemun tsami. Ashe magz da Farisanci ƙwaƙwalwa ce, su kuwa masu dafa kai da ƙafa ne, kuma a can karin kumallo ake yi da shi. Bahaushe da romon kai? Na nannaɗe hannun riga.

Ina siɗe kwano sauran kalmar ta dawo. Na ce wa mai shago "peste", ya nuna mini tsallaken hanya. Nan kuma wani dattijo ne ɗan Rafsanjan, garin da ya yi suna wajen noman fistak, ɗan itacen nan mai ɓawo a buɗe. Bai bar ni na yi bayani ba. Ɗanɗana akbari mai tsawo, ɗanɗana fandoƙi ɗan dunƙule, ga kalle-ƙuci, wato kan rago. Na ce yau dai ni da rago sai Allah. Da ƙyar na ambaci labule. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɓare ɗaya, ya murje jar fatar da babban yatsa, ya raba ƙwayar biyu.

"Ga launinka, Haji Aga."

Kore ne mai sanyi da ɗan ruwan ɗorawa a ciki. Don kunya na sayi rabin kilo, kuɗin labule ya ji jiki. Ya ɓare mini wasu don in nuna wa mai yadi.

Tsakanin shagonsa da layin 'yan yadi akwai tafiya, hannuna kuma ba ya zama haka nan. Na isa, na laluba aljihu, samfur ya riga ya bi ƙwaƙwalwar rago. Na zaɓi yadi da ido.

Uwargida ta warware shi a tsakar ɗaki, ta kira maƙwabciya. Matar ta shafa, ta ce wannan kahu'i ne, launin latas.

"Malam, gobe ka mayar," in ji uwargida, tana ɓare fistak ɗina. "Wannan kuma ka bar shi nan."