Jerin "garuruwa mafi haɗari" yana cutar da ƙananan garuruwa

Duk shekara sai an maimaita mana abu ɗaya. Wani shafin intanet ya kwaso alƙaluman 'yan sanda, ya raba su da yawan jama'a, ya jera garuruwa daga "mafi haɗari" zuwa "mafi zaman lafiya", sai kafafen labarai su ɗauka su yaɗa ba tare da sun tambayi yadda aka yi lissafin ba. Sau da yawa ƙananan garuruwa ne ke cike saman jerin da ƙasansa. Kafin a ankara, mai neman gidan haya ya fasa, mai son buɗe shago ya janye, shugaban gari kuma ya fito gaban makirufo yana alkawarin sayo ƙarin motocin sintiri. Wannan abu yana ci mini rai, domin a kan ƙaramin gari irin wannan jeri ba ya auna tsaro ko kusa, amma illarsa tana sauka a kan mutane na gaske.

A duba lissafin da kansa. Ana bayyana yawan laifi ne a cikin kowane mutum 100,000. Garin da ke da mutum 20,000, idan aka yi kisan kai sau ɗaya a shekara, adadinsa 5 ke nan. Matsakaicin adadin duniya a 2021, bisa ƙiyasin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka, 5.8 ne, don haka garin yana ƙasa da matsakaici. To a ce shekara mai zuwa rigima ɗaya ta ɓarke a gida ɗaya, aka rasa rai uku. Adadin ya koma 15, kanun labarai kuma za su ce kisan kai ya ninka sau uku. Shekara ta uku ba a kashe kowa ba, sai a ce garin ya zama abin koyi. Alhali gari ɗaya ne, mutane ɗaya, 'yan sanda ɗaya. A birni mai mutum miliyan biyu, ƙarin kisa biyu yana motsa adadin ne da 0.1 kacal. Shi ya sa ƙananan garuruwa ke tsalle daga saman jeri zuwa ƙasansa, manyan birane kuwa suna zaune a tsakiya. Duk wanda ya san aikin ƙididdiga yakan haɗa shekara uku zuwa biyar kafin ya furta komai a kan gari ƙarami, ya kuma faɗi ainihin yawan laifukan da aka yi tare da adadin da aka lissafa.

Akwai kuma batun wa ake ƙirgawa a matsayin jama'ar gari. Ana raba laifuka ne da yawan masu kwana a garin. Amma ƙaramin gari mai babbar kasuwa, ko tashar mota, ko jami'a, ko wurin yawon buɗe ido, yana iya ɗaukar ninkin mazaunansa da rana. Aljihun da aka yanka a kasuwa na baƙo ne, wataƙila ɓarawon ma baƙo ne, amma laifin yana shiga kundin garin, a raba shi da 'yan tsirarun mazauna. Ƙauyen da ke kusa, wanda mutanensa ke fita da safe su dawo da dare, sai ya fito fes a takarda.

Masu cewa "alƙaluma ba sa ƙarya" ba su taɓa zama a caji ofis sun ga yadda ake rubuta su ba. Abin da ke cikin kundin 'yan sanda shi ne abin da aka kai ƙara kuma aka yarda aka rubuta. Saboda wannan giɓi ne Amurka ke gudanar da binciken jin ta bakin jama'a gida-gida tun 1973, Ingila da Wales kuma tun 1982, inda ake tambayar mutane kai tsaye ko an yi musu laifi, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Binciken Amurka yana nuna cewa a 'yan shekarun nan ƙasa da rabin laifukan cin zarafi ne ke isa gaban 'yan sanda. Satar mota ana kai ƙararta sosai saboda inshora da takardu. Fyaɗe da dukan cikin gida kuwa su ne aka fi ɓoyewa, kuma a ƙaramin gari, inda jami'in da zai karɓi ƙarar yana iya zama maƙwabcin wanda ake ƙara, ɓoyewar takan fi tsanani. Sakamakon haka, idan aka kawo shugaban 'yan sanda nagari wanda mata suka amince da shi suka fara zuwa, alƙaluman garin za su hau, jerin kuma zai hukunta shi. Wanda ke korar masu ƙara daga bakin ƙofa shi ne zai samu yabo. Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka da kanta, wadda alƙalumanta ne akasarin masu jerin Amurka ke kwasa, ta daɗe tana gargaɗin kada a yi amfani da su wajen jera garuruwa. A 2021, da ta sauya tsarin tattara bayanai, dubban rundunonin 'yan sanda ba su miƙa cikakken rahoto ba, ciki har da na New York da Los Angeles. Wannan bai hana masu jeri ci gaba da sana'arsu ba.

Babbar ɓarnar ita ce jerin yana sa mutane kallon gari a dunƙule, alhali laifi a wasu 'yan wurare yake taruwa. A wani bincike da aka wallafa a 1989, masanin nazarin laifuka Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun bi diddigin kiran gaggawa na shekara guda a birnin Minneapolis na Amurka, suka gano cewa kimanin kashi 3 cikin ɗari na adireshi da mahaɗar tituna ne ke samar da rabin kiran. Wani masanin, David Weisburd, ya duba birnin Seattle, shi ma a Amurka, na tsawon shekara 14, ya tarar kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na gutsattsarin tituna ne ke ɗauke da rabin laifukan birnin. A gari mai mutum 20,000 wannan yana nufin wurare ƙalilan da kowane tsohon ɗan sanda zai iya lissafa maka su da ka: bayan tasha, lungun da fitilarsa ta mutu, kangon da mai shi ya watsar, filin ajiye motoci marar mai gadi. Iyalin da ke zaune tituna uku daga can suna rayuwa ne cikin wani yanayi dabam, duk da cewa jerin ya yi musu kuɗin goro.

To me shugabanni ke yi idan sunan garinsu ya fito? Su sayi motoci su baza su suna zagaye gari. An gwada wannan tun tuni. A birnin Kansas City na Amurka, tsakanin 1972 da 1973, an raba shiyyoyi 15 gida uku: wasu aka janye musu sintirin yau da kullum, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka musu sau biyu ko uku. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, a yawan laifi ko a tsoron da jama'a ke ji. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma har yau ana barin jaki ana dukan taiki, da kuɗin jama'a, don kawai motar da ke wucewa da jiniya tana fitowa da kyau a hoto.

Abubuwan da suka nuna tasiri ba su da wannan armashin. A 2016 an gwada ƙara fitilu masu haske a wasu rukunin gidajen gwamnati na New York, manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin ɗari. A unguwar Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, a ƙarshen shekarun 1980, an lura cewa gidan da aka fasa sau ɗaya shi ya fi fuskantar a sake fasa shi nan kusa. Sai aka maida hankali kan waɗannan gidaje: aka gyara ƙofofi da makullai, aka cire mitocin lantarki da gas da ake zuba wa tsabar kuɗi waɗanda ke jawo ɓarayi, aka nemi maƙwabta na kusa su riƙa sa ido. Fasa gidaje ya ragu matuƙa cikin 'yan shekaru. Ƙaramin gari ya fi birni damar yin irin wannan, tunda wuraren ba su da yawa kuma an san masu su.

Editocin da ke buga jerin nan su riƙa tambayar laifi nawa aka yi a zahiri, cikin shekara nawa, kuma da wane adadin jama'a aka raba. Idan babu amsa, su bar labarin. Majalisun ƙananan garuruwa kuma su tilasta wa 'yan sandansu fitar da taswirar laifuka titi-titi duk wata uku, su riƙa tambayar mazauna kai tsaye abin da ya same su wanda ba su kai ƙara ba, sannan kuɗin motar sintiri ta gaba a fara kashe shi a kan fitilu da kangwayen da ke wuraren da taswirar ta nuna.