Baƙin Man da Muke Zubarwa a Gulbi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya a fadamar shinkafa kusa da Argungu na ga wani magidanci ya canza wa injin ban ruwa mai, sannan ya tuttular da baƙin man a bakin gulbi, da aka yi masa magana sai ya ce ai ɗan kaɗan ne. Wannan uzurin ya dame ni ƙwarai, domin mai ba ya tsayawa inda aka zuba shi.

A shekarar 1774 wani masani ɗan Amurka, Benjamin Franklin, ya ba da labarin yadda cokalin shayi guda na mai ya bazu a kan wani tafki a Landan har ya rufe kusan rabin eka. Irving Langmuir, masanin kimiyya na Amurka, ya bayyana dalilin a 1917: ƙwayoyin sinadarin irin wannan mai suna da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa, don haka suke jeruwa da kansu, kai a cikin ruwa, jela a sama, har shimfiɗar ta zama kaurin ƙwaya ɗaya tak. Masana na yau suna ƙera ƙwayoyin roba masu rassa iri biyu, kuma idan aka ɗiga su a kan ruwa sai rassa masu son ruwa su baje, masu gudunsa su dunƙule, su fitar da ɗigo-ɗigo ko layi-layi ba tare da hannu ya jera su ba. Subhanallahi, ko abin da ido ba ya gani yana bin tsarin da Allah Ya ɗora shi a kai.

Su masanan a ɗan faranti suke wannan gwaji, suna kaffa-kaffa da kowane ɗigo, mu kuwa jarka muke juyewa a ruwan jama'a. Shimfiɗar baƙin mai tana rage shigar iska cikin ruwa, tana kashe ƙwarin da kifi ke ci, ga gubar ƙarfe da ta kwaso daga injin. Masunta su cutu, shanun makiyaya su sha, matan ƙauyen gaba su ɗiba. Mai wanke babur a mashaya da bakanike mai zubarwa a kwata duk suna cikin wannan laifi. Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, to ina ga wannan?

Don Allah mu ji tsoron Allah. A tara baƙin mai a jarka a rufe, kada a kai shi bakin ruwa. Don Allah a daina.